Iskar hunturu da tsofaffin matuƙan teku

Idan an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, sai iska ta juya. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu tana busowa daga arewa maso gabas. Tana zuwa da sanyi da ƙura. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, hazo ya rufe rana. Kowane yaro na Ƙonni ko Malbaza ko Illela ya san ta. Ita ce iskar hunturu.

A wurinmu hunturu lokacin jin wuta ne da aikin albasa. Amma akwai wasu mutane, can nesa da mu, da suke jiran wannan lokaci kamar yadda manomi yake jiran ruwan shuka. Mutanen nan matuƙan jiragen ruwa ne, waɗanda iska take turawa. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne da suka gama aiki suka yi ritaya. A wannan darasi za mu ga yadda mai shekara 60 ko 70 yake ƙetare teku, da abin da ya haɗa tafiyarsa da damina da ranin ƙasarmu.

Mu da ruwa

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Daga Ƙonni zuwa bakin teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 800. Ruwan da muka sani shi ne na Majiya, da madatsan Muzage da Zango, da tabkuna irin na Ɗan Dutsi da Tabalak. Duk da haka teku ba baƙo ba ne gare mu. Iyayenku da yayyenku da suke zuwa bida Legas ko Kwatano ko Abijan sun gan shi. Ku tambaye su. Za su gaya muku ruwa ne mai gishiri wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Idan aka raba bayan duniya kashi 10, wajen kashi 7 duk ruwa ne.

Hausawa sun daɗe suna doguwar tafiya a kan ruwa. Sarkawan Kabi da Yawuri sukan bi kogin Isa da jiragensu, su yi watanni suna su, har su kai ƙasar Gawo a Mali. A can Mali har yanzu ana ganin jirage masu zanen iska, wanda aka ɗinka da tsofaffin buhuna.

Akwai kuma alhazan dā. Kafin jirgin sama ya yawaita, mutanenmu sukan tafi Makka a ƙasa. Su bi ta Borno, su wuce Fotlami, wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Sudan har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu sun tashi da ƙuruciya, wasu kuwa sai da suka manyanta, suka danƙa gona ga ƴaƴansu. Daga Sawakin zuwa Jidda akwai ruwa na wajen kilomita 300. Da yawa sun ƙetare shi cikin jiragen katako masu zane, babu inji, sai iska. Ashe kakanninmu ma sun san abin da za mu karanta a nan.

Yadda iska take tura jirgi

Jirgin da tsofaffin yau suke tafiya da shi ba babba ba ne. Tsawonsa yakan kai mita 10 zuwa 14, wato ya ɗan fi ajinku tsawo. A cikinsa akwai wurin kwana, da wurin dafa abinci, da makewayi. A tsakiyarsa an kafa doguwar sanda, mita 15 ko fiye. A jikin sandar ake ɗaura wani babban zane mai ƙarfi. Da Faransanci sunansa voile. Idan iska ta cika zanen, sai ta tura jirgin gaba.

A ƙarƙashin jirgin akwai wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi ƙwarai. Aikinsa biyu ne. Na ɗaya, yana hana jirgin kifewa: in iska ta kwantar da shi, nauyin ƙarfen ya maido shi tsaye. Na biyu, yana hana shi zamewa gefe. A bayan jirgin kuma akwai wani fallen katako ko ƙarfe cikin ruwa, wanda matuƙi yake juyawa don ya bi dama ko hagu.

To, idan iska tana fitowa daga inda mutum yake so ya je fa? Jirgi ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Sai matuƙi ya yi abin da jaki mai kaya yake yi in zai hau tudu: ya karkata dama, ya karkata hagu, ya sake karkatawa dama, har ya kai. Hanyar ta ƙara tsawo, igiyar ruwa tana dukan jirgi, mutane suna wahala. Shi ya sa mai hankali yake neman hanyar da iska za ta kasance a bayansa.

Jirgin nan ba ya da sauri. Yakan yi wajen kilomita 10 a cikin awa ɗaya. Yaro a kan keke ma sai ya wuce shi. Amma jirgi ba ya tsayawa, dare da rana tafiya yake yi. A kwana ɗaya sai ya ci wajen kilomita 240. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Daga ina iskar take fitowa?

Rana ta fi zafi a tsakiyar duniya, kudu da mu. Iskar wurin takan yi zafi, ta yi sama. Sai wata iska ta taso daga arewa don ta cike gurbinta. Da yake duniya tana juyawa, iskar ba ta miƙewa kudu sak, sai ta karkata wajen yamma. Shi ya sa muke jin ta daga arewa maso gabas.

Wadda take zuwa mana ta ratso Sahara, don haka ta bushe, ta ɗauko ƙura. Ƴar uwarta kuwa tana busawa a kan Tekun Atlantika, daga wajen Afirka zuwa wajen Amurka. Faransawa suna kiran irin wannan iska alize. A lokacin hunturu takan yi kwanaki da yawa tana busawa ta fuska ɗaya, ba ta cika ƙarfi ba, ba ta kuma mutu ba. Ita ce hanyar jiragen zane.

An daɗe da sanin wannan hanya. A shekara ta 1492 Kirista Kolombo ya tashi daga tsibiran Kanari, waɗanda suke yamma da Maroko, ya isa tsibiran Amurka cikin mako 5. Bayansa jiragen fatauci suka bi. Wannan iska kuma ita ce ta tura jiragen da suka kwashi miliyoyin ƴan Afirka zuwa bauta. Iska ba ta zaɓen wanda za ta tura.

Abin da ya sa ake jiran ƙarshen damina

Kun lura cewa babban hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa? Idan ya zubar da ruwa a Madawa da Malbaza da Ƙonni, sai ya wuce yamma, wajen Dogon Dutsi da Yamai. Irin wannan hadari yakan ci gaba da tafiya, ya ratsa Mali da Senegal, ya faɗa teku. A can, idan ruwan teku yana da ɗumi, wani hadarin yakan ƙara ƙarfi, ya riƙa juyawa, ya zama babbar guguwa mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Guguwar tana nutsar da jirage, tana rushe gidaje a tsibiran Karibiyan da Amurka. Ba kowane hadari yake zama haka ba. Amma da yawa daga manyan guguwoyin Atlantika a sararin Afirka ta Yamma aka haife su.

Lokacin guguwa yana farawa a watan Yuni, ya ƙare a watan Nuwamba. Ku duba da kyau: ya yi daidai da daminarmu da kakarmu. Saboda haka matuƙi ba ya ƙetare teku lokacin da muke noma. Yana jira sai mun yi girbi, hunturu ya kama. Manomin Illela da matuƙin teku ba su san juna ba, amma sama ɗaya suke kallo.

Kowace shekara, a ƙarshen Nuwamba, jirage fiye da 100 sukan taru a Las Palmas, a tsibiran Kanari, su tashi rana ɗaya. Ana kiran wannan ayari ARC, an fara shi a 1986. Suna nufin wani tsibiri mai suna Santa Lusiya. Tafiyar ta kai wajen kilomita 5000, kamar zuwa Yamai daga Ƙonni sau 12. Yawanci sukan yi wajen mako 3. Wasu kuma sukan ya da zango a tsibiran Kap Ber, yamma da Dakar, kafin su miƙe.

Ga wani abin mamaki. Ku ɗauki taswirar duniya, ku ɗora yatsa a kan Ƙonni, ku ja shi yamma sak. Za ku fita teku a kudancin Dakar, wurin da kogin Salum yake shiga teku. In kuka ci gaba, yatsanku zai sauka a Santa Lusiya. Tsibirin da garinmu suna kan layi ɗaya. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, tsayinsa ɗaya ne a sama a wuraren nan biyu. Da irin wannan lura matuƙan dā suke gane inda suke, kamar yadda madugun ayarin Bilma yake bin taurari a cikin Tenere. Yau akwai na'urar GPS, wadda take nuna wuri ta hanyar tauraron ɗan adam. Amma matuƙin kirki yana riƙe da taswirar takarda da allurar da take nuna arewa, domin na'ura tana iya mutuwa.

Me ya sa tsofaffi?

Doguwar tafiya a jirgin zane tana son abu uku: lokaci, da kuɗi, da haƙuri. Mai aikin ofis ko masana'anta ba ya samun hutun wata 6. Amma idan ya tsufa ya bar aiki, ana biyansa kuɗin fansho kowane wata, ƴaƴansa kuma sun girma. Wasu sukan sayar da gida ko mota su sayi tsohon jirgi. Miji da mata su koma cikinsa da zama, su yi shekaru suna yawo.

Aikin bai cika son ƙarfi ba, domin akwai ƙananan na'urori masu taimakawa wajen jan igiya. Abin da yake so shi ne sani. Yaushe za a tashi? Yaushe za a rage zane kafin iska ta yi ƙarfi? Yaushe za a zauna a jira? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ga wasu tsofaffi da duniya ta san da su.

Francis Chichester, mutumin Ingila, yana da shekara 65 ya kewaye duniya shi kaɗai. Ya tashi a watan Agusta na 1966, ya komo a watan Mayu na 1967. Sau ɗaya tak ya tsaya, a Sidni ta ƙasar Ostiraliya.

Jean-Luc Van Den Heede, Bafaranshe, ya taɓa zama malamin lissafi. Yana da shekara 73 ya ci tseren kewaye duniya a watan Janairu na 2019, bayan kwana 211 a teku. A tseren an hana amfani da GPS, sai rana da taurari. Guguwa ta lalata masa sandar jirgi, ya hau ya gyara ta da kansa. Mutum 5 kaɗai suka kammala tseren, shi ne kuma babbansu a shekaru.

Jeanne Socrates, ƴar Ingila, ita ma lissafi ta koyar kafin ta yi ritaya. Ba ta fara tuƙin jirgi ba sai da ta manyanta. Ta tashi daga Kanada a watan Oktoba na 2018, ta kewaye duniya ita kaɗai ba tare da ta sauka ko'ina ba, ta komo a watan Satumba na 2019. Shekarunta 77.

Kenichi Horie, mutumin Japan, yana da shekara 83 ya ƙetare Tekun Pasifik shi kaɗai a 2022, daga Amurka zuwa ƙasarsu.

Kun ga biyu daga cikinsu malaman lissafi ne. A teku lissafi yana da amfani kullum: nisa, da sauri, da kwanaki, da yawan ruwan sha.

Masu bin gaɓa

Ba kowane tsoho yake ƙetare teku ba. Mafi yawansu gaɓa suke bi, wato ba su nisa da ƙasa. Su tashi da safe, su yi kilomita 30 ko 50, da la'asar su shiga wani lungu inda iska ba ta kaiwa. Sai su jefa anka, wani ƙarfe mai ƙugiya da yake kama ƙasan ruwa, su kwana. Kamar fatake ne masu tafiya zango zango.

A Afirka ta Yamma irin waɗannan jirage sukan tsaya a Dakar, su shiga kogin Salum, da kogin Gambiya, da na Kazamans. Wata ƙungiyar Faransa mai suna Voiles Sans Frontières tana amfani da su wajen kai ma'aikatan lafiya da kayan makaranta a tsibiran Salum, inda mota ba ta zuwa.

Kada ku zaci bin gaɓa ba shi da hatsari. Kusa da ƙasa ne ake samun duwatsu a ɓoye cikin ruwa, da tudun rairayi, da tarun masunta. Ruwan teku kuma yana hawa yana sauka sau biyu a kwana ɗaya, saboda jan da wata yake yi masa. Wurin da jirgi ya wuce lafiya da safe, da rana sai ya kafe a cikin laka. Don haka matuƙi yana da littafin da yake nuna lokacin hawan ruwa da saukarsa.

Guzuri da tsaro

A tsakiyar teku babu kasuwa, babu rijiya, babu likita. Ruwan teku ba ya shayuwa: a kowace lita akwai gishiri wajen giram 35. Wanda ya sha shi ƙishirwarsa ƙaruwa take yi. Dole a ɗauki ruwan daɗi, a auna na kowace rana. Ana ɗaukar shinkafa, da wake, da abincin gwangwani, da albasa, domin tana daɗewa ba ta lalace ba. Ana kuma jan ƙugiya a bayan jirgi don kama kifi.

Da dare ba a barin jirgi babu mai tsaro. Ɗaya ya yi barci, ɗaya ya zauna awa 3 ko 4 yana duba fitilun manyan jirage. Mai tsaro yana ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi, domin wanda ya faɗa ruwa cikin duhu da wuya a same shi. Tsoho kuma yana zuwa wurin likita kafin ya tashi, ya ɗauki maganinsa na watanni. Wanda ya ga ƙarfinsa ya ragu sai ya bar nisa, ya koma bin gaɓa. Sanin iyakar kai ma ilmi ne.

Teku ɗaya, tafiya biyu

A wannan teku akwai wasu matafiya dabam. Samari ne na Afirka ta Yamma masu neman aiki a Turai. Sukan cika kwalekwalen masunta, su tashi daga Senegal ko Muritaniya zuwa tsibiran Kanari. A shekara ta 2006 kaɗai fiye da mutum 30000 suka isa can ta wannan hanya, har yanzu kuma ana bin ta. Da yawa ba su isa ba.

Ku tuna da abin da muka koya. Iska tana busowa daga arewa maso gabas. Mai zuwa Kanari daga Senegal arewa ya nufa, wato yana faɗa da iska da igiyar ruwa, tafiyar wajen kilomita 1500. Idan inji ya mutu ko mai ya ƙare, iskar nan da take kai tsofaffi Santa Lusiya ita ce za ta ja kwalekwalen yamma, zuwa tsakiyar teku, da ruwan shan kwana kaɗan. A 2006 an tsinci wani jirgi da ya taso daga tsibiran Kap Ber a kusa da tsibirin Barbados, babu mai rai a ciki.

Talauci ne yake tura samarin nan, ba wauta ba. Amma teku ba ya duban dalilin mutum. Tsohon da ya yi shekaru yana koyo, ya jira lokaci, ya auna ruwa, ya bi iska, yakan isa. Saurayi mai ƙarfi da ya shiga ba shiri yana iya halaka. Idan wata rana wani ya ce muku teku kwana kaɗan ne kawai, ku tambaye shi: daga ina iska take busowa, kuma lita nawa ta ruwa aka ɗauka?

Tambayoyi

1. Daga wace fuska iskar hunturu take busowa? A waɗanne watanni?
2. Mene ne amfanin ƙarfen da yake ƙarƙashin jirgi?
3. Don me matuƙa ba su ƙetare Atlantika lokacin daminarmu?
4. Faɗi hatsari biyu da mai bin gaɓa yake gamuwa da su.
5. Don me tafiya daga Senegal zuwa Kanari ta fi wuya bisa tafiya daga Kanari zuwa Santa Lusiya?

Lissafi

1. Jirgi yana cin kilomita 240 a kwana ɗaya. Kwana nawa zai yi kafin ya ci kilomita 4800?
2. Mutum 4 za su yi tafiyar kwana 21. Kowane yana bukatar lita 5 a rana. Sun ƙara ruwan kwana 7 saboda tsaro. Jarka nawa mai lita 20 za su cika?

Aiki

Ku samo ƴar ƙwarya, da kara, da takarda, da ɗan yumɓu. Ku liƙa yumɓun a tsakiyar ƙwaryar, ku kafa karan, ku soke takardar a jikinsa. Ku ɗora ta a kan ruwa cikin babban kwano, ku hura mata iska. Ku juya takardar, ku sake hurawa. Ku rubuta abin da kuka gani.

A gida, ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa sunayen iskokin shekara, da alamun da ake gane juyawarsu. Ku kawo amsar aji.